Gaisuwar Saja

Ranar da zan bar garinmu zuwa karatu a Madina, gaisuwa aka loda min har ta fi kayana yawa. Tun hantsi mutane ke shigowa zauren babanmu, kowa da tasa. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce in na tsaya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ce wance 'yar wane tana gaishe shi. Wani ya ce in ambaci sunansa da na ubansa da na unguwarsu, kada a rikita shi da mai irin sunansa, sai ka ce a can ma ana rikitawa. Mahauci ya aiko, wanzami ya aiko, har mai unguwar da ba sa ga-maciji da babanmu ya turo ɗansa. Haka muka taso muka tarar, duk mai zuwa Madina ɗan aiken gari ne. Ina ta cewa to, in sha Allahu, har bakina ya bushe.

A cikin gaisuwar nan akwai guda ɗaya da ta raba ni da ɗan'uwana na jini. Gemuna ya yi fari yanzu, amma in na tuna abin da aka yi wa mai ita sai in ji kaina ya ɗau zafi kamar jiya aka yi. Ana ta ce min in bar wa Allah. Na bar masa, amma ba zan yi shiru ba.

Mai gaisuwar shi ne Saja, hedimastan makarantarmu ta firamare, ɗan Katolika. Asalinsa Bamaguje ne daga wata unguwa bayan rafi. Yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin Bama, a can ya haɗu da wani Fada wanda ya koya masa karatu ya yi masa baftisma. Ya dawo da igiya uku a hannun riga, da ɗingishi a ƙafar hagu, da carbi mai gicciye a aljihun gaba. Abokansa mazan jiya yawancinsu birni suka nufa neman gadi. Shi ya roƙi fili a bakin gari, ya kwaɓa ƙasa da wannan ƙafar tasa mai ɗingishi, ya tayar da aji biyu ya rufa musu jinka.

Ba wanda ya ba shi ɗa. Iyayenmu suka ce boko kaɗai ma ya ishe su tsoro, balle boko mai gicciye. Sai ya tafi zauren Liman, ya cire takalmi ya durƙusa, ya ɗauki alkawari a gaban dattawa cewa duk yaron Musulmi da aka ba shi zai mayar da shi da sallarsa yadda aka kawo shi. Ya kuwa riƙe alkawarin riƙon soja. Ƙararrawar makarantar wani tsohon ƙarfen mota ne rataye a jikin darbejiya, kuma da rana ta gota shi da kansa yake buga ta. Mu jeru a bakin randa, ya tsaya da sanda yana duba alwala. Mutumin da bai taɓa yin salla irin tamu ba ya san wanda ya tsallake diddige. Ni kaina na sha bulala a kan gwiwar hannu da ban wanke ba, yana tsula min yana cewa, "Ubanka da salla ya kawo ka, da salla zan mayar masa da kai." In muka tayar da kabbara sai ya ja da baya ƙarƙashin bishiyar, ya fito da nasa carbin.

Rijiyar da rabin garin ke sha shi ya tara matasa aka haƙa. Kekensa shi ne motar asibitinmu. Shekarar da amai da gudawa ya shigo, gida gida yake bi da ruwan gishiri da sukari, lokacin da 'yan'uwan mara lafiya ma ke tsoron taɓa shi. In an yi mutuwa, yana cikin masu riga kowa zuwa maƙabarta da diga, ya yi haƙa har ya jiƙe, in an zo sallar gawa ya koma gefe ya cire hula ya tsaya. Matarsa ko kaza za ta dafa sai ta kira maƙwabci Musulmi ya yanka, don marayun da ke cin abinci a gidan su ci ba tare da shakka ba.

To, shi ne ya zo da la'asar, mota na shirin tashi. Ya tsaya a ƙofar zaure cikin kakinsa da ya sha guga. Na fito na durƙusa, ya ce in miƙe.

"Na ji kowa ya ba ka saƙo," in ji shi. "Ni ma ina da nawa, in ba laifi. A soja, in ka gamu da babban wata runduna, ko ba naka ba ne sai ka ƙame ka sara masa. Ni kuwa shekara da shekaru ina riƙe da yaransa. Ka ce masa wani tsohon soja daga garin nan yana gaishe shi. Ka ce masa yaransa da aka ba ni, na koya musu boko, ban taɓa sallarsu ba. Shi ke nan. Kada ka ƙara, kada ka rage. Maimaita."

Na maimaita. Babanmu yana zaune yana ji, ya ce, "Madalla, Saja." Na hau mota.

A makon farko na fara sauke nauyi. Wanda ya san wurin ya san ba a barin mutum ya daɗe a gaban shubbaki, wato ƙarfen da ya kewaye makwancin Manzon Allah. Ka shiga ta Babus Salam, jama'a su tura ka gaba, askarawa na ta cewa "yalla ya hajj," kafin ka ambaci mutum uku ka tsinci kanka a ƙofar Baƙi'a. Don haka na rarraba gaisuwar, yau tsofaffin unguwarmu, gobe mahauci da wanzami. Ta Saja na ware mata rana ita kaɗai. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. An ba ni amana, na karɓa a gaban ubana. Na yi tawa sallamar, sannan na sauke hannuwana na miƙe sosai yadda ya koya mana tsayuwa a fareti, na faɗi maganarsa a hankali, ban ƙara ba ban rage ba. Wani askar ya dafa kafaɗata, na wuce. Na fito ina jin jikina sakayau, na je na sayi shayi.

Akwai Yayana a Madina, ɗan wan babanmu, wanda ya riga ni zuwa da 'yan shekaru. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya tarbe ni, shi ya ara min jallabiya, shi ya nuna min inda ake sayen gurasa da wake mai arha, Larabci kuma a bakinsa kamar ruwa. Shi ma ɗalibin Saja ne, har ya fi ni zama ɗan gida, don bayan rasuwar babansa yana cikin marayun da ake yanka wa kazar nan. Yana aji uku kububuwa ta sare shi a gona da damina. Saja ne ya ɗaure ƙafar ya ɗora shi a keke, da suka tarar rafi ya kawo ya jingine keken ya saɓa shi a wuya ya shiga ruwa. Duk garin an san wannan labari, uwarsa ma ba ta gajiya da ba da shi.

Duk Alhamis mu ɗaliban da suka fito daga wajenmu mukan je cin tuwo a unguwar Sih, gidan wani dattijo tela da muke kira Baba. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano ya bi ta Sudan, shi kuma a nan aka haife shi. Hausarsa rabi Larabci ce, 'ya'yansa kuwa ka yi musu Hausa su ji sarai su amsa maka da Larabci. Kuka da daddawa daga hannun alhazai yake samu, don haka miyar gidan ta fi komai a garin tuna mana gida. Wata Alhamis hira ta faɗa kan gaisuwa, kowa na ba da labarin yawan da aka loda masa, ana ta dariya. Ni kuwa sabon shiga, baki buɗe, na kawo ta Saja ina alfahari.

Yaya ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ka ce ka yi me?"

Na sake faɗa.

"A gaban shubbaki? Gaisuwar arne?" Ya dubi sauran, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, wasu suka taya shi. "Ya akhi, wannan bai halatta ba. Ba ka ga allon da ke kan hanyar shigowa gari ba? Mutumin da ƙafarsa ba za ta taka garin nan ba, kai ka shigo da muryarsa a cikin bakinka."

Kalmar arnen nan ce na kasa haƙura da ita. Na ce, "Yaya, a wuyan arnen ka tsallake rafi."

Baba ya tura kwanon miya tsakiya ya ce, "Khalas, ku ci abinci, tuwo na hucewa." Muka ci, amma ni ban san abin da na ci ba.

Bari in faɗi gaskiya a nan, don kada a ce fushi ya rufe min ido. Daga baya na yi karatu, na ga malamai sun yi magana a kan aika gaisuwar ma kanta, wasu malamanmu ba sa son al'adar ko daga Musulmi ta fito. Da Yaya ya ja ni gefe ya ce ƙanena ka yi kuskure, ga dalili, da na saurara. In kuskure ne nawa ne, tsakanina da Ubangijina. Da a nan ya tsaya, wallahi da tuni na manta.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, Yaya ya tafi gida. Ni ban tafi ba, Larabcina bai nuna ba, na zauna ina maimaita darasi cikin zafin da in ka taɓa ƙarfen taga sai ka yarfe hannu. Ya dawo da ƙuli-ƙuli da yaji daga wajen innata, ya ce kowa lafiya. Na ce Saja fa? Ya ce yana nan. Bai ƙara ko kalma ba, muka ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa a aji da masallaci.

Sai da alhazai suka fara sauka na ji. Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana cikin alhazan shekarar. Na nemo masaukinsu kusa da Harami, ɗaki cike da mata da buhunan garin kunu, muka fito muka zauna a kan matakala. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta dube ni ta ce, "Kai kuwa me Saja ya yi maka?"

Na ce kamar yaya?

Ta ce ranar da Yaya ya sauka, washegari mutane suka cika ƙofar gidan su Yayan ana yi wa malamin Madina sannu da zuwa. Su mata suna leƙe ta zana. Sai ga Saja da sandarsa, cikin kakin nan nasa. Ya yi sallama ya zauna a bakin tabarma, ya tambayi hanya, ya tambayi karatu, sannan ya ce, "Ƙanenka kuwa ya isar min da saƙona?" Yaya ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, ya ce, "Ba a isar ba, Malam, ba kuma za a isar ba. A can ba a karɓar irin wannan. Tun daga nesa da gari akwai allo da ya ce irinku su bi wata hanya." Ya ɗora da wa'azi mai tsawo, rabi da Larabci. Ta ce Saja ya cire hularsa ya duba cikinta kamar mai neman wani abu, ya mayar, ya ce, "To, madalla. Na gode da ka faɗa min." Ya dafa sanda ya tashi. Babanmu yana gona ranar, tsohon Liman ya rasu, sauran dattawan kuwa kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan.

Na ce, "Gwaggo, ƙararrawar azahar fa?"

Ta ce, "Yana nan yana bugawa. Sai dai ya daina biyowa ta ƙofar masallaci in zai je kasuwa, zagayawa yake yi ta bayan gari da wannan ƙafar."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi masaukinmu, Yaya ba ya nan, aka ce ya tafi unguwar Aziziyya sayen rediyo. Na bi shi. Na same shi a wani ƙaramin kanti yana jujjuya rediyon a hannu, na ce ya fito waje. Ya fito yana murmushi.

Na ce, "Yaya, ƙarya ka yi wa Saja."

Ban taɓa gaya wa na gaba da ni haka ba, shi ma sai da ya ja baya. Ya ce, "Ka iya bakinka. Ban yi ƙarya ba. Abin da ba a karɓa ba, ba a isar ba ke nan."

"Wa ya gaya maka ba a karɓa ba? Yaushe aka naɗa ka sarkin ƙofa? Ni ban san ko rijiya ta ba da ruwa ba, kai ma ba ka sani ba, amma kai guga har ka riga ka hana. Tambaya ɗaya ya yi maka, yaron nan ya kai ko bai kai ba. Ka san na kai. A gabanka na faɗa, a kan tuwon Baba."

"Gaskiya ɗaci gare ta," in ji shi. "In na bar shi yana zaton yana kan wani abu, ni za a tambaya gobe kiyama."

"To kira kake so ka yi masa zuwa Musulunci? Ba ka san hanyar gidansa ba? Gidan da ka ci tuwo har ka girma? Ka je ka durƙusa ku biyu, ka ce Malam ina jiye maka, ga abin da na karanto. Ni ma ina masa wannan fatan, wa ya fi ni? Amma ka tara gari ka tuɓe wa tsoho hula don a ce ka dawo da ilimi. Harafin da kake karanta allon nan da shi, wa ya koya maka? Butulu kawai."

Ya ce in bar zancen keke da rafi, alherin duniya daban, aƙida daban. A nan ne na ga hannuna a wuyan jallabiyarsa. Mai kantin, Bahaushen nan garin ne, ya leƙo ya ce a hankali, "Ya shabab, Madina ce fa." Na saki. Kunyar garin ce ta cece shi, ba girmansa ba. Daga ranar na daina zuwa tuwon Alhamis in na san yana can, kuma har yau ba mu sake sa hannu a kwano ɗaya ba.

Kafin Gwaggo ta wuce Makka na sayi dabinon ajwa na ƙulle mata, na ce ta kai wa Saja hannu da hannu, ta ce masa saƙonsa ya isa tun makon farko, ni na kai da bakina. Na sa ta maimaita, tana dariya tana cewa na zama Saja ƙarami. Bayan wata da watanni wani ɗan garinmu ya zo Umra ya kawo amsa: Saja ya ce ya gode da dabino. Na ce sai me? Ya ce shi ke nan abin da ya ce.

Shekarar nan ta yi min tsawo. Ina aji ana karanta babin amana, ina hango tsoho yana zagaye bayan gari da sanda. In na shiga Harami na hango Yaya a sahun gaba ya lumshe ido yana lazimi, sai in canza ƙofa, don kada in tsaya salla zuciyata na tafasa. Na san ba kyau. Na yi ta istigfari, fushin bai tafi ba.

Da hutu ya zagayo na tafi gida. Washegarin saukata, tun kafin masu sannu da zuwa su taru, na zame na nufi makaranta. Ajujuwa sun ƙaru, an rufa kwano, an kawo sabon hedimasta. Saja ya daina shiga aji, yanar ido ta rufe masa gani, ƙafar ta kumbura ba ta shiga takalmi. Amma ba wanda ya iya raba shi da ƙararrawa, don haka aka ajiye masa kujera a gindin darbejiya. A nan na same shi.

Na yi sallama ya gane muryata. Ban durƙusa ba. Na ƙame a gabansa na ce, "Malam, na zo ba da rahoto. Saƙo ya isa." Na gaya masa ƙofar da na shiga, da yadda na tsaya, na maimaita masa maganarsa kalma da kalma. Yana saurare, kansa a sunkuye, hannuwansa biyu a kan sanda.

Ya ce, "Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Gwaggonka ta faɗa min, na ji. Tun kana aji ɗaya ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Kada ka fara a kaina don tausayi."

Na ce, "Wallahi, Malam..."

Ya ɗaga sanda. "Ba a rantsuwa a makarantata. Yayanka ya riga ka zuwa, ya fi ka karatu. Ya faɗa a gaban mutane, ba wanda ya musa masa. Kai yaron kirki ne, ka ji an kunyata tsoho, kana so ka share masa hawaye. Na gode. Amma na ga yaƙi, ba a yi min wannan."

Wannan shi ne abin da Yaya ya yi, kuma shi ne abin da ba na yafewa cikin sauƙi. Da zagi ne kawai, da an zage shi ya wuce. Shi sai da ya bar tsohon nan a halin da ko an kawo masa gaskiya ba zai iya karɓa ba. Ina zaune a gabansa da ita a bakina, yana ce min maƙaryaci cikin ladabi.

Na ce to ranar Juma'a zan miƙe a ƙofar masallaci in faɗa a gaban duk waɗanda suka ji ta farko, in ce ɗan'uwana ƙarya ya yi.

Ya ce, "Ba za ka yi ba. Ba za a raba gidanku a kaina ba, ba za a raba garin nan a kaina ba. Tun kafin a haife ka nake ɗinke shi." Sannan ya ce, "In ka koma, ga wani saƙo zuwa inda ka kai na farko. Ba sai ka je kusa ba, ko daga bakin ƙofa ya isa, ko ma daga wajen allon. Ka ce masa ya yi haƙuri. Ban san dokar barikinsa ba, da na sani da ban aika ba. Maimaita."

Ban maimaita ba.

"Na ce maimaita."

Na ce, "Ba zan kai ba, Malam."

Tun ina ɗan ƙaramin yaro da allon siliti ban taɓa ce masa a'a ba. Ya juyo da fararen idanun nan wajena ya daɗe. Na zaci zai yi faɗa, har ina so ya yi. Sai ya miƙa ƙafarsa mai lafiya waje da inuwa, ya ji inda rana take, ya ce, "Ta gota." Ya dafa sanda ya miƙe, ya laluba ƙarfen da ke rataye, ya buga. Yara suka fito a guje suka nufi randa. Ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, "Tashi ka yi alwala. Ka wanke gwiwar hannu."

Na tashi na shiga layin yara. Ruwan da na zuba a fuskata ya yi min rana, ba wanda ya gane kuka nake yi.

Na yi biyayya ban yi magana a ƙofar masallaci ba. Na koma wurinsa sau da yawa kafin hutu ya ƙare, muna hirar damina da tsofaffin ɗalibai, da na kusanto zancen sai ya tambaye ni farashin gero. Ranar da zan tafi ya ce, "Ka tuna saƙona." Na ce na tuna. Mu biyu duk mun san ba abu ɗaya muke nufi ba.

Ina Madina labarin rasuwarsa ya zo da alhazan shekarar. Suka ce Musulmin garin ne suka haƙa kabarin, har ana rige-rigen diga, da Fada ya zo yin addu'arsu suka koma gefe suka cire hula suka tsaya. Na ji daɗin wannan, amma na ce a raina ina bakinku yake ranar da yake zaune a bakin tabarma. Haƙa rami ai ya fi buɗe baki sauƙi.

Yaya ya zama babban malami yanzu, ana tashi tsaye in ya shigo. Mukan haɗu a jana'iza da ɗaurin aure mu gaisa a tsaye. 'Yan'uwa sun sha zaunar da ni suna cewa zumunci, zumunci, abin ya wuce, mai maganar ma ya daɗe a ƙasa. Nakan ce musu ni ban yanke zumunci ba, in ya yi rashin lafiya ina zuwa, 'ya'yansa 'ya'yana ne. Abu ɗaya nake jira.

Saƙon farko na kai shi, kuma in aka tambaye ni gobe kiyama zan ce na kai. Na biyun yana wurina, ban kai ba, ba zan kai ba, don ba Saja ne ya kamata ya ba da haƙurin nan ba. Na gaya wa Yaya haka a fuskarsa a wata jana'iza, na ce duk ranar da ya shirya ya zo ya karɓi saƙon, ya cire sunan Saja ya sa nasa, ya kai da kansa, tunda shi ya san hanya da doka. Ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, mu duka. Har yau bai zo ba.